Matan Montgomery da Motocin Bas: Daga Kai Shawara Zuwa Tafiya a Ƙasa

 Kamar yadda muka saba, a fitowar bikin ƙungiya mukan ware shafi guda na tarihi. A bana mun ɗaga kai mun duba nesa, za mu kawo labarin wasu mata a wata ƙasa da suka haɗa kai a kan abin da kowacce a cikinmu ta sani, wato shiga motar haya. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin titi da kaya a ka da goyo a baya, rana na dukanta, motoci na wucewa a cike, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Labarin ya faru ne a Montgomery, babban birnin jihar Alabama da ke kudancin Amurka, tsakanin 1946 da 1956. Yaranmu 'yan makaranta da yawa sun ji sunan Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi daga kujerarta a bas, sun kuma ji sunan Martin Luther King. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekaru kafin wannan rana akwai wata ƙungiyar mata da suka yi ta hawa da sauka ofishin magajin gari suna kai shawarar yadda za a gyara harkar bas. Ba wanda ya zaɓe su, ba wanda yake biyansu ko sisi. Sa kai suka yi. Labarinsu ne za mu bayar.

Yadda shiga bas take a lokacin

A wancan zamani dokar jihohin kudancin Amurka ta raba baƙaƙen fata da fararen fata a makaranta, a asibiti, a gidan abinci, har a famfon shan ruwa. Motocin bas na Montgomery na wani kamfani ne mai suna Montgomery City Lines, wanda uwar kamfaninsa ke birnin Chicago. Kuɗin mota senti 10 ne. Kashi uku cikin huɗu na fasinjoji baƙaƙen fata ne, kuma mafi yawansu mata ne masu aikatau, waɗanda ke fita da sassafe zuwa unguwannin fararen fata su yi girki da wanki da raino, su dawo da yamma a gajiye.

Kujeru goma na gaba an keɓe su ga fararen fata. Ko babu Bature ko ɗaya a cikin motar, ba dama baƙar fata ta zauna a kansu, sai dai ta tsaya tana kallon kujera ba kowa. Idan kuma gaban ya cika, direba yakan juyo ya tashi waɗanda ke zaune a tsakiya, layi guda gaba ɗaya, don mutum ɗaya ya zauna. Sau da yawa mace za ta hau ta ƙofar gaba ta biya kuɗinta, sai a ce ta sauka ta zagaya ta shiga ta ƙofar baya. Wani direban kafin ta kai ƙofar ya ja motarsa, ya bar ta a tsaye, kuɗinta kuwa ya tafi. Direbobin duka fararen fata ne, doka ta ba su iko irin na 'yan sanda a cikin mota, wasu ma da bindiga suke tuƙi. A 1950 wani ɗan sanda ya harbe wani tsohon soja mai suna Hilliard Brooks bayan wata sa-in-sa da direban bas, ya mutu. Sannan a unguwannin fararen fata bas na tsayawa a kowace kwana, a na baƙaƙen fata kuwa sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai wurin tsayawa.

Mata arba'in da suka fara

A 1946 wata malamar Turanci a kwalejin Alabama State, Mary Fair Burks, ta tara mata kimanin arba'in suka kafa ƙungiyar da suka kira Women's Political Council, wato majalisar mata kan harkokin siyasa. Akwai ƙungiyar mata masu jefa ƙuri'a a garin, amma ba ta karɓar baƙar fata, shi ya sa suka yi tasu. Yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da matan masu sana'a. Aikinsu na farko shi ne koya wa mutane yadda za su ci jarrabawar karatu da rubutu da aka gindaya don hana baƙar fata rajistar zaɓe, da koya wa matasa yadda ake tafiyar da mulkin gari. Sannu a hankali ƙungiyar ta bunƙasa har ta yi rassa uku, mambobi suka kai ɗaruruwa, kuma kusan kowace makaranta da kowace unguwa akwai tasu a ciki.

Maganar bas ta shigo gadan-gadan ne ta hannun Jo Ann Robinson, ita ma malamar Turanci, wadda ta zo kwalejin a 1949. Dab da Kirsimetin wannan shekara ta shiga wata bas da kusan ba kowa a ciki, za ta tafi hutu wurin danginta. Da yake tana da motarta, ba ta saba da ƙa'idar bas ɗin garin ba, sai ta zauna a layi na biyar. Direba ya tsayar da mota, ya taso mata da tsawa, hannu a ɗage kamar zai kwaɗa mata mari. Ta sauka tana kuka. Da ta dawo ta ba 'yan ƙungiya labari, sai ta tarar ba wadda ta yi mamaki, domin kowacce tana da irin nata. A 1950 ta zama shugabar ƙungiyar, ta kuma sa maganar bas a gaba.

To, a nan ne aikinsu ya ɗauki siffar da ta sa muka zaɓi labarin. Matan suka fara karɓar koke-koken fasinjoji suna tarawa: wace mota ce, wane layi take bi, me direba ya ce, me ya yi. Da wannan suke zuwa gaban hukumar gari, wadda kwamishinoni uku ke riƙe da ita, magajin gari W. A. Gayle na shugabanta. Sukan je cikin shiga ta mutunci, su zauna, su karanta abin da suka rubuto, su ce ga inda matsala take, ga kuma yadda muke ganin za a gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamishinonin nan ba su shiga bas, matan kuwa da maƙwabtansu a ciki suke wuni.

Wasiƙar 21 ga Mayu, 1954

A watan Maris na 1954 wakilan ƙungiyar suka sake zama da kwamishinoni da mutanen kamfani. An saurare su da fara'a, an yi musu alkawura. Abu ɗaya ya ɗan gyaru, bas ta fara tsayawa a ƙarin kwanoni a wasu unguwannin baƙaƙen fata. Maganar kujera da ta ƙofar baya kuwa shiru kake ji.

Ranar 17 ga Mayu, 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Bayan kwana huɗu Jo Ann Robinson ta rubuta wa magajin gari wasiƙa da sunan ƙungiya. Ta fara da godiya a kan zaman da aka yi da su, sannan ta maimaita buƙatu uku. Na farko, a yi dokar da za ta sa baƙaƙen fata su fara zama daga baya zuwa gaba, fararen fata daga gaba zuwa baya, har kujeru su cika, ba tare da an tashi kowa ba. Na biyu, a daina sa mutum ya biya a gaba ya zagaya ya shiga ta baya. Na uku, bas ta riƙa tsayawa a kowace kwana a unguwanninsu kamar yadda take yi a sauran unguwanni.

Ku lura, 'yan uwa, ko soke wariyar ba su nema ba. Sun nemi tsarin da birnin Mobile, a cikin jihar Alabama ɗin, yake bi tuntuni ba tare da sama ta faɗo ba. Amma a ƙarshen wasiƙar ta tuna wa magajin gari lissafi: kashi uku cikin huɗu na masu shiga motocin nan mutanenta ne, idan suka daina shiga kamfani ba zai iya aiki ba, kuma ƙungiyoyi ashirin da biyar ko fiye a garin sun fara zancen ƙaurace wa bas baki ɗaya. Ba barazanar banza ba ce, domin a watan Yuni na 1953 mutanen Baton Rouge a jihar Louisiana sun yi irin wannan ƙauracewa ta kimanin mako guda. Magajin gari ya ajiye wasiƙar, bai yi komai a kai ba.

Shekarar da tura ta kai bango

Ranar 2 ga Maris, 1955 aka kama wata 'yar makaranta mai shekara 15, Claudette Colvin, saboda ta ƙi tashi ta ba wata Baturiya kujera. 'Yan sanda suka ja ta daga cikin motar, suka sa mata ankwa. Matan ƙungiya da shugabannin al'umma suka sake komawa wurin hukuma da manajan kamfani. An sake cewa za a duba. A watan Afrilu irin haka ta sami wata uwa mai suna Aurelia Browder, a watan Oktoba aka kama Mary Louise Smith mai shekara 18. Duk wannan lokaci matan suna shiri a ɓoye, sun san wa za a kai wa saƙo a kowace makaranta da kowane shago idan ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar ta zo a yammacin Alhamis, 1 ga Disamba, 1955. Rosa Parks, mai shekara 42, tana aikin ɗinki a wani babban kanti, kuma tun 1943 ita ce sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata. Ta taso daga aiki ta shiga bas ɗin layin Cleveland Avenue, ta zauna a tsakiya. Da gaba ya cika, direba James Blake ya ce mutum huɗu su tashi don mutum ɗaya. Uku suka tashi, ita ta ƙi. Aka kama ta. E. D. Nixon, tsohon ɗan gwagwarmaya kuma ma'aikacin jirgin ƙasa, tare da lauya Clifford Durr da matarsa Virginia, su suka je suka yi belinta.

A daren nan lauya Fred Gray ya buga wa Jo Ann Robinson waya. Ba ta jira wani taro ba. Ta rubuta gajeren saƙo, ta tafi kwaleji cikin dare, ita da wani malami abokin aikinta da ɗalibai biyu suka kwana a kan injin gurza takarda. A lissafinta sun cinye rim 35, kowace takarda an yanka ta uku, suka fitar da kwafi 52,500. Saƙon yana roƙon kowane baƙar fata kada ya shiga bas ranar Litinin, ranar shari'ar Rosa Parks: mai zuwa aiki ya hau tasi ko ya taka da ƙafa, ɗan makaranta ko da zai rasa karatun yini ɗaya ne. Gari na wayewa ta koyar da darasinta na safe, sannan ta ɗora ƙunshin takardun a mota, matan ƙungiya na jira a wuraren da aka tsara. Kafin yamma takardar ta shiga makarantu da shagunan aski da na gyaran gashi. Shugaban kwalejin ya kira ta a fusace, daga baya ta biya kuɗin takardun daga aljihunta. Wata takardar ta faɗa hannun fararen fata, jaridar garin ta buga labarin a shafin farko ranar Lahadi, ta haka wanda bai ji ba ma ya ji.

Ranar Litinin 5 ga Disamba motocin suka yi ta yawo kusan fayau. Kotu ta ci Rosa Parks tarar dala 10 da kuɗin kotu dala 4. Da rana aka kafa sabuwar ƙungiya ta gari duka mai suna Montgomery Improvement Association, aka ba wani matashin limamin coci mai shekara 26, Martin Luther King, shugabanci. Da dare dubban mutane suka cika cocin Holt Street har titi, suka amince a ci gaba. Buƙatunsu uku ne: direbobi su mutunta fasinja, wanda ya riga zuwa shi ke da kujera bisa tsarin baya da gaba, a kuma ɗauki baƙaƙen direbobi a layukan unguwanninsu. In kun duba, ta biyun ita ce dai shawarar da mata suka kai tun 1954.

Kwamitin da magajin gari ya naɗa

Wannan ɓangaren ya kamata mu karanta da natsuwa, domin yana nuna yadda ake iya kafa kwamitin ba da shawara don a kashe magana. Ranar 8 ga Disamba aka yi zaman farko da kwamishinoni, lauyan kamfani Jack Crenshaw ya ce tsarin da ake nema ya saɓa wa doka, aka tashi ba komai. Ranar 17 ga wata magajin gari ya ce zai naɗa kwamitin mutanen gari da zai duba matsalar ya kawo wa hukuma shawara. Da ya fara kiran sunaye sai aka ga fararen fata sun fi yawa. Jo Ann Robinson, wadda ke cikin wakilan, ta ce ba ta yarda ba, adalci shi ne a yi daidai wa daida. Dole ya mai da su takwas da takwas, amma shugabancin kwamitin ya ba wani limamin cocin fararen fata.

A zama na gaba, bayan kwana biyu, sai ga wani sabon mutum a teburin, sakataren ƙungiyar fararen fata masu rajin kare wariya, wanda ba a ambaci sunansa ranar naɗi ba. King ya tambayi dalili, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka watse. Shugaban kwamiti ya ce zai sake kiran taro, bai kira ba.

A watan Janairu na 1956 hukuma ta sake wata dabara. Ta kira wasu limaman coci uku baƙaƙen fata waɗanda ba sa cikin shugabannin ƙungiya, ta zauna da su, sannan ta ba jarida labarin wai an sasanta, kowa ya koma bas. Labarin ya iso kunnen shugabanni daren Asabar kafin jarida ta fito. Suka bazu cikin dare, gida gida, har wuraren shaƙatawa, suna cewa ƙarya ce, washegari aka maimaita a coci-coci. Ranar Litinin motocin suka sake fita ba fasinja. Bayan wannan magajin gari ya ce ya gama lallashi, kuma aka bayyana cewa kwamishinonin uku duk sun shiga ƙungiyar masu kare wariya.

Da suka kafa tasu harkar sufuri

Mutum dubu goma-goma da ba sa shiga bas dole su je aiki kullum, in ba haka ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Da fari masu tasi baƙaƙen fata suka riƙa ɗaukar mutane a kan senti 10. Hukuma ta zaro wata doka da ta ce kuɗin tasi ba ya gaza senti 45, ta ce za ta kama duk wanda ya karɓi ƙasa da haka. Sai ƙungiya ta nemi shawarar mutanen Baton Rouge, ta tsara karo-karon motoci. Masu mota kimanin 300 suka ba da motocinsu, aka ware wurare sama da arba'in na ɗaukar mutane da safe a unguwanni, da wasu kamar haka na ɗauko su da yamma. Malamai mata suna tuƙi kafin su shiga aji da bayan an tashi. Daga baya aka sayi manyan motoci da sunan coci-coci. Da kamfanonin inshora na gari suka janye, wani dillali baƙar fata a Atlanta ya samo musu inshora daga Lloyd's na Landan. Waɗanda ba su sami mota ba suka taka, wasu mil da yawa kullum, cikin sanyi da ruwan sama.

Man fetur da taya da gyara duk kuɗi ne. A nan sai mu ambaci Georgia Gilmore, mai girki a wani gidan abinci, ungozoma, uwar 'ya'ya shida. Ta tara mata suna soya kaza, suna gasa kek da sauran kayan maƙulashe, suna sayarwa a shagunan gyaran gashi da wuraren wanki da bakin coci. Da yake yawancinsu a gidajen fararen fata suke aiki, in aka san suna ciki za a kore su, sai ita kaɗai take karɓar kuɗin ta kai. In aka tambaye ta daga ina, ta ce daga babu inda. Haka sunan ya bi su, ana ce musu Club from Nowhere. Wata mata, Inez Ricks, ta kafa irin wannan a ɗaya gefen garin, suka riƙa gasa, kowane taron mako a tashi a faɗi abin da kowane ɓangare ya kawo, jama'a na tafi. Duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin adashi a cikinmu ta san irin amanar da ke kan wannan baiwar Allah. Da ta ba da shaida a kotu a kan halin direbobi, aka kore ta daga aiki, sai ta mai da gidanta wurin sayar da abinci ta ci gaba.

Hukuma ba ta zauna ba. 'Yan sanda suka riƙa tsare direbobin sa kai a kan laifin da bai kai ya kawo ba. Jo Ann Robinson kaɗai an rubuta mata takardar tara har sau 17 cikin ɗan lokaci, an jefa dutse ta tagar gidanta, an zuba wa motarta asid. Ranar 30 ga Janairu aka jefa bam a gidan King, matarsa da jaririyarsu na ciki, Allah ya kiyaye. A watan Fabrairu aka tuhumi mutum sama da 80 a ƙarƙashin wata tsohuwar dokar 1921 da ta hana ƙaurace wa kasuwanci. Maimakon su ɓuya, sai suka yi ado suka kai kansu ofishin 'yan sanda, jama'a na yi musu jinjina a waje. Kamfani kuwa asara ta ishe shi, ya rufe layuka da yawa, ya ƙara kuɗin mota zuwa senti 15.

Hukunci da abin da ya biyo baya

Da aka ga hukuma ta ƙi ko da ƙaramar gyara, sai buƙata ta girma. Ranar 1 ga Fabrairu, 1956 lauya Fred Gray ya shigar da ƙara a kotun tarayya yana neman a soke wariya a bas ɗungurungum. Mata huɗu ne suka tsaya a shari'ar har ƙarshe: Aurelia Browder, Claudette Colvin, Mary Louise Smith da wata dattijuwa, Susie McDonald. Ranar 5 ga Yuni alƙalai biyu cikin uku suka ba su gaskiya. Hukumar gari ta ɗaukaka ƙara. Ranar 13 ga Nuwamba, daidai lokacin da wata kotun jiha ke zaman haramta karo-karon motocin, sai ga labari cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Amma kafin takardar ta iso sai da aka yi sama da wata guda, motocin sa kai kuwa an hana su, mutane suka ƙarasa kwanakin a ƙafa. Takardar ta iso ranar 20 ga Disamba, washegari suka koma bas, kowa ya zauna inda ya ga dama. Kwana 381 ke nan.

Kada mu ce daga nan komai ya yi daɗi. Cikin makon da ya biyo baya an yi ta harbin motocin, har harsashi ya sami wata mai juna biyu a ƙafa. A watan Janairu na 1957 aka sa bam a coci huɗu da gidajen limamai biyu a dare ɗaya. Rosa Parks da mijinta duk sun rasa aikinsu, suka koma Detroit a 1957. A 1960, da gwamnatin jiha ta taso wa malaman kwalejin da bincike, Jo Ann Robinson da Mary Fair Burks suka ajiye aiki suka bar garin. Robinson ta ƙarasa koyarwarta a Los Angeles. Da yake ta ɓoye rawar da ta taka don kare aikinta da na abokan aikinta, shekaru da yawa sunan ƙungiyar matan bai fito sosai ba, sai da littafin tarihin da ta rubuta ya fito a 1987. Ta rasu a 1992.

A yau birane da yawa a Amurka suna da kwamitin fasinjoji 'yan sa kai da ke zama da hukumar sufuri a kan kuɗin mota, da layuka, da wuraren tsayawa. A New York ma dokar jiha ce ta tabbatar da irin wannan kwamiti a 1981. Matan Montgomery sun yi wannan aiki tun ba a ba shi suna ba, kuma tun ba a ajiye musu kujera ba.

Abin da muka tsinta

Abu uku muka gani da muke so mu bar wa 'yan uwa, musamman 'yan matanmu masu tasowa. Na ɗaya, matan nan ba su je ofis da kuka kawai ba. Sun je da rubutu, da lissafin yawan fasinja, da misalin garin da aka gwada tsarin ya yi aiki, da buƙatu ƙayyadaddu da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Wasiƙar 1954 tana nan har yau, ita ce shaidar cewa an gaya wa hukuma tun da wuri.

Na biyu, kafin a shiga kowane kwamiti a tambaya: su wa ke ciki, mutum nawa kowane ɓangare, wa ke shugabanta, wa ke da ikon kiran taro, ina kuma shawarar za ta je bayan an bayar? Da Jo Ann Robinson ta yi kara ta yi shiru ranar 17 ga Disamba, da an fitar da matsayar da ba tasu ba da sunan mutanen gari.

Na uku, shawararsu ta sami nauyi ne saboda akwai jama'a a bayanta, kuma jama'ar ta iya riƙe kanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: malama ta gurza takarda, mai mota ta yi tuƙi, mai girki ta soya kaza, 'yar aikatau ta taka da ƙafarta, sakatariya ta riƙe littafin kuɗi. Kuma wasu sun biya da aikinsu da gidajensu, wannan ma kada mu manta.

Johnnie Carr, ƙawar Rosa Parks tun suna makaranta, ta karɓi shugabancin Montgomery Improvement Association a 1967, ta riƙe shi har rasuwarta a 2008 tana da shekara 97. Ita kuwa motar da aka kama Rosa Parks a ciki, mai lamba 2857, an gyara ta, tana gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan, masu ziyara na shiga su zauna a ciki.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya maimaita mana ta baɗi da lafiya.